Suna Linzami Ne: Wa Ke da Ikon Kiran Kansa Yes?

A hutun da ya wuce na tarar da wani tsohon akwati a ɗakin kakana, cike da fayafayan garmaho waɗanda ya saya tun yana saurayi. A cikinsu akwai guda uku na wata ƙungiyar makaɗan Ingila mai suna Yes, watau "I" ko "Na'am" da Hausa. Na ce masa ai na ji ƙungiyar nan tana nan tana wasa. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, Yes ta daɗe da mutuwa. Waɗanda ka ji labarinsu aron riga suka yi, babu ko mutum guda a cikinsu da aka kafa ƙungiyar da shi." Da yake tsakanin jika da kaka akwai wasa, sai na tsaya muka yi ta gardama har aka kira sallar magariba. Tun daga ranar nan nake bin tarihin ƙungiyar, yau kuwa na kawo maganar gaban 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, domin a ganina ta wuce maganar kiɗa kawai. Tambayar ita ce, idan waɗanda suka kafa abu suka tafi duka, na bayansu suna da ikon riƙe sunan, ko kuwa yaudara ce?

Bari mu fara da asali. An kafa Yes a birnin Landan a 1968. Mutum biyar ne suka fara: Jon Anderson mawaƙi, da Chris Squire mai kaɗa babbar jita mai kaurin murya, da Peter Banks mai jita, da Tony Kaye mai ogan da piyano, da Bill Bruford mai ganguna. Irin kiɗan da suka shahara da shi wani reshe ne na kiɗan rok wanda Turawa suke yi wa laƙabi da na ci gaba. Bambancinsa da sauran shi ne, a lokacin da waƙar rediyo ba ta cika wuce minti 3 ko 4 ba, su waɗannan sukan shirya waƙa guda ta kai minti 10 ko 20, a raba ta kashi-kashi, a sauya kari a tsakiya, a ɗauko salo daga tsohon kiɗan Turai na gargajiya da kuma na jaz. Fuska ɗaya ta babban faifan garmaho takan ɗauki kamar minti 20 da 'yan kai, saboda haka mai son dogon zance sai ya cika fuskar nan da waƙa ɗaya tak.

To, ga hujjata ta farko, kuma da ita na fara kayar da kakana. Mutum biyar ɗin nan na asali fayafayai biyu kaɗai suka yi tare, wato Yes a 1969 da Time and a Word a 1970, kuma ba su ne suka ɗaga sunan ƙungiyar ba. A 1970 aka sallami Peter Banks, wanda shi ne ma ya kawo shawarar sunan, aka ɗauko Steve Howe. Da shi aka yi The Yes Album a 1971, faifan da ya fara buɗe musu kasuwa. A cikin shekarar nan dai Tony Kaye ya fita, Rick Wakeman ya shigo, suka fitar da Fragile, inda waƙarsu Roundabout take, kuma daga wannan faifai ne mai zane Roger Dean ya fara yi musu hotunan bango. A 1972 suka yi Close to the Edge, mai waƙoƙi uku kacal, ta farkon ta haura minti 18. Masana wannan kiɗa da yawa suna ganin nan ne ƙungiyar ta kai ƙololuwa. Da na duba fayafayan kakana guda uku, sai na ga dukkansu an yi su ne bayan an fara sauya mutane. Ashe Yes ɗin da yake ƙauna, wadda yake cewa ita ce ta gaskiya, ita ma ba ta asali ba ce.

Sauyin bai tsaya nan ba. Da gama Close to the Edge sai Bruford ya koma ƙungiyar King Crimson, Alan White ya karɓi ganguna. A 1973 suka fitar da Tales from Topographic Oceans, fayafayai biyu a haɗe, waƙoƙi huɗu, kowace ta cika fuska guda. Ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar Ingila, amma ya raba kan masu sauraro, har ma da makaɗan kansu. Wakeman ya ga an cika shi da tsawo marar amfani, ya bar ƙungiyar a 1974, aka ɗauko Patrick Moraz ɗan ƙasar Suwizalan aka yi Relayer. Wakeman ya dawo aka yi Going for the One a 1977 da Tormato a 1978. Wannan bawan Allah sau biyar yana shiga ƙungiyar yana fita. A 1980 shi da Anderson suka tafi tare, aka kawo Trevor Horn da Geoff Downes aka yi Drama, wanda shi ne faifai na farko da babu muryar Anderson. A 1981 ƙungiyar ta watse.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjata ta biyu. Squire da White suka haɗu da Trevor Rabin, wani mai jita ɗan Afirka ta Kudu, suka kira Tony Kaye, suka fara sabuwar ƙungiya da niyyar kiranta Cinema. Da Anderson ya shigo a 1983 ya ɗora muryarsa, sai aka koma ga tsohon suna. Faifan da suka fitar, 90125, lambarsa ta kamfani ce aka mayar sunansa. Waƙoƙinsa gajeru ne masu daɗin rediyo, kuma ɗaya daga cikinsu, Owner of a Lonely Heart, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a farkon 1984, abin da babu wata waƙarsu ta da da ta taɓa yi. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tun wajen 1976 samarin Ingila suka fara komawa ga kiɗan fank na rok, gajere mai zafi, suna yi wa masu dogayen waƙoƙi ba'a. Ƙungiyar da ta ƙi motsi a irin wannan lokaci sai dai a tuna da ita. Yes ta rayu ne saboda ta yarda da sabon jini. Wanda ya ce a daina kiranta Yes saboda mutane sun sauya, yana neman ya hana ta abin da ya raya ta ne tun farko.

Amma fa kada in yi wa kakana rashin adalci, domin maganarsa tana da ƙafa. Suna kuɗi ne. Tikitin da aka rubuta wa Yes ya fi saurin sayuwa a kan wanda aka rubuta wa sunan da ba a sani ba, kuma makaɗan sun san haka. A 1989 Anderson da Bruford da Wakeman da Howe suka haɗu suka yi faifai, amma ba su iya amfani da sunan ba domin yana hannun ɓangaren Squire, sai suka jera sunayensu huɗu a matsayin sunan ƙungiya. A 1991 aka haɗe ɓangarorin biyu, mutum takwas, aka yi Union, faifan da wasu daga cikinsu suka fito suka kushe daga baya. Har ila yau, a 2017 da 2018 an sami ƙungiyoyi biyu suna yawon wasa kowace da kalmar Yes a sunanta, ɗaya ta Howe da White, ɗaya ta Anderson da Rabin da Wakeman. Mai sayen tikiti yana da ikon ya tambaya wace ce ya biya kuɗinsa don ya gani.

Akwai kuma abin da ni kaina ban ji daɗinsa ba. A 2008 Anderson ya yi mummunar rashin lafiya ta numfashi, aka soke yawon wasan cika shekara 40 da aka shirya. Kafin shekarar ta ƙare sauran suka fita wasa da Benoît David, ɗan Kanada, wanda da ma yake rera waƙoƙin Yes a wata ƙungiyar masu kwaikwayonsu. Da shi aka yi Fly from Here a 2011, sa'an nan Jon Davison ya gaje shi a 2012. A ra'ayina, mutumin da ya kafa gida da hannunsa, idan ya kwanta ciwo, ya cancanci a ƙara masa haƙuri. Saboda haka ban ce duk abin da aka yi da sunan nan daidai ne ba.

Duk da haka ina nan a kan bakana, kuma ga hujja ta uku. Chris Squire shi kaɗai ne ya kaɗa a kowane faifan ƙungiyar daga na 1969 har zuwa Heaven & Earth na 2014. Da cutar sankarar jini ta kama shi a 2015, shi da kansa ya nemi Billy Sherwood, wanda ya taɓa zama a ƙungiyar daga 1997 zuwa 2000, ya riƙe masa wurinsa. Squire ya rasu a watan Yuni na shekarar nan. Daga ranar ne Yes ta zama ba ta da ko mutum guda daga cikin biyar na farko. Alan White ya ci gaba har rasuwarsa a 2022, bayan shekara 50 da shigowarsa, kuma Jay Schellen wanda ya daɗe yana taya shi kiɗa shi ne ya gaje shi. Ku duba da kyau, babu ranar da baƙi biyar suka wayi gari suka ɗauki sunan daga ƙasa. Kowane sabo ya zauna da na da, ya koya a gabansu, aka miƙa masa hannu da hannu. Howe ya yi aiki da Squire, Sherwood ya yi aiki da Squire da White, Davison ya yi waƙa a faifan Squire na ƙarshe. Igiyar ba ta tsinke ba.

Daɗin daɗawa, magadan ba su zauna suna cin tsohon suna kawai ba. Sun fitar da The Quest a 2021, da Mirror to the Sky a 2023, wanda shi ne na 23 a jerin fayafayan da ƙungiyar ta shirya a ɗakin ɗaukar murya. Na saurare su, kuma ba zan ce sun kai Close to the Edge ba, ba su kai ba. Amma akwai bambanci tsakanin mai kwaikwayo da magaji. Mai kwaikwayo maimaita abin da aka yi kawai yake yi. Magaji kuwa yakan riƙe na da, ya ɗora nasa a kai, ya kuma yarda a auna shi da ma'aunin magabatansa ko da zai sha kashi.

Na gane dalilin da ya sa abin yake yi wa kakana wuyar karɓa. A wurinmu sunan mawaƙi sunan mutum ne. Da Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, babu wanda zai hau dandamali ya ce shi ne Shata, ko da ya haddace waƙoƙinsa duka, ko da makaɗan kalangunsa ne a bayansa. Amma Yes ba sunan kowa ba ne. Tun ranar farko sunan taro ne, kamar sunan ƙungiyar ƙwallo, ko sunan gari, ko sunan makarantarmu. Shugabannin da suka buɗe makarantar nan sun tafi, malaman farko sun yi ritaya, ɗaliban farko sun zama kakanni, amma babu wanda yake cewa a sauke allon da ke bakin ƙofa.

Saboda haka ra'ayina shi ne, na baya suna da ikon riƙe suna idan sun cika sharuɗɗa uku. Na ɗaya, su karɓe shi daga hannun na gabansu, ba su tsince shi ba. Na biyu, su yi sabon aiki a ƙarƙashinsa. Na uku, su faɗa wa jama'a gaskiyar ko su wane ne, kada su bar mai saye cikin duhu. A na ɗaya da na biyu Yes ta ci jarrabawa. A na uku, musamman a shekarun da aka yi ta jayayya a kan sunan, makinta bai cika ba.

Ya ku 'yan'uwana 'yan ajin ƙarshe, wannan magana tamu ce. Ƙungiyoyi nawa ne a makarantar nan, ta muhawara da ta wasan kwaikwayo da ta aikin gona, suke yin ƙarfi shekara guda sa'an nan su mutu da zarar shugabanninsu sun gama? Dalili kuwa shi ne manya sukan riƙe kome a hannunsu, ba su jawo 'yan aji ɗaya da aji biyu kusa ba. Kafin mu ɗauki akwatunanmu, kowa ya nemi ƙanen da zai miƙa wa aikinsa, ya zauna da shi ya koya masa, kamar yadda Squire ya yi tun yana da sauran numfashi. Ku kuma iyayenmu masu sana'ar gado, maƙera da marina da dukawa da masaƙa, idan ɗanku ya zo da sabon salo a cikin sana'ar, a duba aikinsa tukuna kafin a ce ya ɓata sunan gida.

Kakana dai har yanzu bai sallama ba. Ya ce muddin babu muryar Anderson, shi ba zai kira su Yes ba. Amma da zan dawo makaranta ya ɗauko faifan Fragile ya miƙa mini, ya ce in adana shi da kyau. Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, mu kuma Allah ya sa mu zama magada na gari, amin.