Masu gyaran banɗaki: ku bar baho, ku yi shawa



Da zarar damina ta ɗauke, yaranmu da ke aiki a Kaduna, Abuja da Jos sukan fara gyara wa iyaye gida kafin bukukuwan ƙarshen shekara. Madalla da wannan. Sai dai in an zo kan banɗaki, shawarata ita ce a bar dogon bahon nan irin na otal, a yi wurin shawa wanda ƙasansa daidai yake da na ɗakin, mutum ya taka ya shiga ba tsallake.

Dalili na farko ruwa ne. Cika baho na cin kusan lita 150, wato jarka shida mai lita 25. A gidan da rijiya ke ja baya a watan Maris, kuma sai an kawo wuta ake tura ruwa tanki, wa zai yi wannan ɓarna? Shi ya sa yawancin bahon da aka saka sun koma wurin ajiye bokiti.

Na biyu ya fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da za ta ɗaga ƙafa ta tsallaka gefen baho, ga sabulu ga santsi, rayuwarta aka sa a caca. In ƙashin kwatangwalo ya karye, sai ɗaukar mota zuwa Kafanchan ko Jos, kuma ba kowane tsoho ke sake miƙewa ba.

Wani zai ce shawa mara gefe tana jiƙa ɗaki duka. Hakan na faruwa ne in magini bai ba ƙasan gangara ba. A sa shi ya karkata ta kamar santimita 2 a kowace mita zuwa magudana, a zuba bokiti guda a gwada kafin a biya shi.

Sauran abin lura: a sayi tayil mai kaushi na ƙasa, ba mai sheƙi na bango ba. A kafa ƙarfen riƙewa a bango, a gina ɗan dakalin zama. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90 saboda keken marasa lafiya, kuma ta buɗe waje, don a iya shiga in wani ya faɗi a bayanta. A bar famfo a ƙasa don ranar da za a koma wa bokiti.

Banɗakin iyaye ba na nuna wa baƙi ba ne. A gina shi daidai da ƙafar da za ta shige shi kullum da asuba.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.