Kod Bai Zo Ba

Ranar Talatar da ta wuce a kan bencin asibiti na wuni, tun daga bayan sallar asuba har aka kira la'asar, ina rungume da jakar leda cike da takardun Yayata. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, ba kuma zan ambaci kamfanin inshorar ba, domin abin da ya same mu ba na gida ɗaya ba ne. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji a ƙasar nan ya san wannan bencin.

Yayata malamar makaranta ce, ta haura shekara ashirin tana riƙe da alli. Ita ta goye ni. Wata huɗu da suka wuce ta ji ƙululu a mamanta na hagu, ta yi shiru kamar yadda matanmu suka saba, sai da ya fara hana ta kwanciya ta wannan gefen sannan ta gaya wa 'yarta. Aka yi hoto, aka yanki tsoka aka kai gwaji, muka zauna jiran sakamako sati uku. Ranar da ya fito, likita ya ajiye biro ya ce mata, "Malama, abin da muke gudu ne, amma ba a makara ba." Ba ta yi kuka ba. Salati ta yi, ta gyara mayafinta, ta juyo gare ni ta ce, "Ƙanena, Allah ma ya sa ina da kati."

Wannan maganar tata ce take cin raina har yanzu. Da zuciya ɗaya ta faɗe ta. Shekara da shekaru katin inshorar nan yana cikin jakarta, kuma in za a faɗi gaskiya ya yi mata rana. Zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, tari da murar yara, duk da shi take zuwa, ta biya kashi goma cikin ɗari na kuɗin magani ta dawo gida. Ta ɗauka inuwar da ta tare mata yayyafi ita za ta tare mata mamako.

Ga wanda Allah bai jarrabe shi ba, bari in faɗi yadda abin yake. Ƙaramin asibitin da ka yi rajista ba ya iya ciwon daji, sai ya rubuta maka takardar turawa zuwa babba. Babban asibitin kuma ba zai taɓa ka da sunan inshora ba sai kamfanin da ke tsakani, waɗanda ake kira HMO, ya turo lambar amincewa. Ita ce ma'aikata da majinyata suke kira kod. Hoto da kod ɗinsa, ganin babban likita da nasa, ƙarin ruwan kemo da nasa. Shi kuwa kemo ba maganin mura ba ne da za ka sha yau ka tsallake gobe. Nata duk bayan kwana ashirin da ɗaya ake yi, kuma ba haka kawai aka tsayar da kwanakin ba. An auna ne yadda jinin jiki zai farfaɗo daga dukan farko, a sake dukan cutar kafin ita ma ta miƙe. In aka yi ta ɗaga ranar, cutar ake bai wa hutu.

Talatar nan ita ce ranar zagaye na biyu. Tun Litinin aka gwada jininta, aka ce ya isa. Muka yi sammako. Yaron da ke teburin inshora, mai ladabi ne wallahi, ya ce da ni, "Baba, tun jiya na tura musu, kod bai zo ba." Na kira lambar da ke bayan katin, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Da aka ɗauka aka ce asibiti ya sake turawa. Aka sake. Ƙarfe goma ta yi, sha biyu ta yi, Yaya tana zaune ta jingina da bango, ɗankwalinta ɗaure tamau saboda gashin da ya fara zuba. Ta ƙi karyawa, tana tsoron amai. A gefenta akwai wata baiwar Allah da ta taso tun daga wani ƙauye mai nisa da ɗanta matashi, su ba su ma da kati, takardar kuɗi kawai suke juyawa a hannu kamar za ta canza in an daɗe ana kallonta. Bayan azahar kod ya zo, amma na magani ɗaya. Ɗayan an ce ba ya cikin jerin da ake biya. Wanda aka amince da shi kuma muka je wurin karɓar magani aka ce ya ƙare, mu saya a waje. Abin da na ƙirga wa mai kyamis a yammacin nan ya fi albashinta na wata biyu. Sai Laraba aka yi mata ƙarin ruwan. A daren na ji 'yarta a waya tana tambayar farashin giram na gwal, na gane sarƙar Yaya ce za ta tafi.

Masu kamfanonin za su ce kuɗin da ake ba su a kan kowane mutum bai taka kara ya karya ba, ga magani ya yi tashin gwauron zabo tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wannan rigima ce tsakaninsu da gwamnati da asibitoci. Me ya sa mace mai ciwo, mai jiri, ita za a mayar 'yar aike tsakanin ofis uku? A shekarar 2025 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta ba da umarni cewa kamfani ya amsa buƙatar kod cikin awa ɗaya. Umarni ne mai kyau. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta shi da Hausa da ajami a manna a gaban kowane teburin inshora, tare da lambar kai ƙara, a kuma riƙa shelanta sunan kamfanin da aka hukunta. Mutanen da na zauna da su a bencin nan, ko ɗaya bai san yana da wannan haƙƙin ba.

Dokoki kam muna da su. An kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIS da dokar 1999, ta fara aiki a 2005. A watan Mayun 2022 shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta mayar da ita NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusun marasa ƙarfi. Jihohinmu ma sun buɗe nasu hukumomin taimakekeniya. Duk da haka fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna kusan mutum dubu 128 ne suka kamu da ciwon daji a ƙasar nan a shekarar, kusan dubu 80 suka rasu. Ku dubi kusancin lambobin nan biyu. Sankarar mama, in an tare ta da wuri, ana warkewa, mata da yawa sun warke sun aurar da 'ya'yansu. Makara da rashin kuɗi ne suke kashe namu.

Masu bibiyar wannan shafi sun san ban taɓa sassauta wa maganar nan ta "daji ba ya son ƙarfe" ba. Ita ta sa ake ɓoye ƙululu ana shafa masa saiwa da toka, ana kai shi wurin sakiya, har sai ya fashe ya yi wari sannan a ɗauko mace a bayan mota. Ina nan kan bakana, ƙarya ce mai kisa. Maƙwabtan Yaya ma sun zo da nasu ƙulle-ƙullen, wata har da rantsuwa cewa jifa ne. Amma yau na fahimci wani ɓangare da ban cika dubawa ba. Mai maganin gargajiya yana ba ka tabarma, ya saurare ka, ya karɓi ɗan abin da ke hannunka, ya ce ka kawo sauran in an samu sauƙi. Mu kuma muna ta wa'azi a rediyo cewa a garzaya asibiti da wuri, in mutum ya zo sai mu ajiye shi a benci. Da wane baki za mu zargi wanda ya juya?

Akwai 'yan ƙofofi, kuma zan faɗe su don wani ya amfana. Tun 2021 akwai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wanda aka fara da manyan asibitoci shida, ciki har da asibitin koyarwa na ABU Zariya da na tarayya da ke Gombe da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Akwai yarjejeniyar NHIA da kamfanin Roche a kan wasu magungunan daji masu tsada, inda kamfanin ke ɗaukar rabin kuɗin, hukumar ta ɗauki kashi 30, mara lafiya ya biya 20. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ku neme shi tun ranar farko. Kowace takarda ku yi mata kwafi, kowane rasit ku adana, kod kuma ku matsa a nema kwana uku ko huɗu kafin ranar kemo. Ni da nake aikin jarida sai da na yi ta tambaya kafin na tattara waɗannan. Ina ga matar nan ta ƙauye da ɗanta?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a Abujar nan tamu shugabannin Afirka suka taru a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Sama da shekara ashirin ke nan gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Waɗanda suke rattaba hannu a kasafin, in ƙululu ya fito musu, jirgin Landan ko Alƙahira ko Indiya suke hawa. Ba su san jiran kod ba, ba su san a yi tafiyar awa biyar zuwa wurin gashin cutar daji a tarar injin ya lalace ba. Wannan zalunci ne, kuma za a tsaya da su a kansa. Inshorar da ke biyan kuɗin maganin zazzaɓi, wanda ko mai shayi zai iya lallaɓawa ya saya, sannan ta ja da baya a ranar da za a sayar da gona da fili, an gina ta a bai-bai.

Mu ma ba mu fita ba. Sau nawa zan yi maganar zakka da waƙafi a wannan shafi? Duk azumi attajiranmu suna tara jama'a a ƙofar gida ana turereniya a kan 'yan canji da taliya. Mai bashi yana cikin waɗanda shari'a ta ba su rabo a zakka, kuma babu mai bashi kamar gidan da ke jinyar daji. Mutum goma daga kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Dawanau za su iya kafa waƙafin da zai riƙa sayen maganin kemo a sari ya ajiye a asibiti, da amintattu masu lissafi a kansa, maimakon a bar magidanci yana miƙewa bayan sallar magariba da takardar likita a hannu, muryarsa tana rawa.

Jiya da daddare na leƙa Yaya. Amai ya lafa, ta sha kunun gyaɗa rabin kofi, tana gyara takardun jarrabawar ɗalibanta a kan gado duk da an hana ta. Saura zagaye huɗu, sannan tiyata, sannan gashi. Da zan tafi ta kira ni ta ce, "Ƙanena, wancan yaron da uwarsa, ka karɓi lambarsu kuwa?" Na ce na karɓa. Ta ce in kira in ji ko an yi mata ƙarin ruwan. Na kira da safen nan. Sun koma gida, sai sun sayar da saniya za su dawo.