Niyyar mai duka ba ta rage zafin bulala

A Malali, kamar ko'ina a Kaduna, idan aka ji ihun yaro daga gidan maƙwabta, sai a ce ai horo ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne, muddin babba ya ɗaga hannu da nufin gyara, ba a kira abin cin zarafi. Ban yarda ba, kuma ina ganin wannan ra'ayi ne ya hana mu sanin yawan yaran da ake illatawa a garin nan.

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabo. Iyaye ne suka kai akasarinsu da hannunsu don su shiryu. Idan niyya ce ma'auni, to ba a zalunci kowa a gidan ba. Wa zai iya faɗin haka?

Mai binciken lafiyar al'umma ba alƙali ba ne, ba ya leƙa zuciya. Jikin yaro yake tambaya. Da me aka buge shi, a ina, sau nawa, ya bar rauni ko bai bari ba? Ya kwana da yunwa? Da zazzaɓi ya kama shi, an kai shi asibiti? Da tambayoyi irin waɗannan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi bincikenta na 2014, inda ta gano yara shida cikin goma a Najeriya sun fuskanci cin zarafi kafin su cika shekara 18. Da an tambayi iyaye ko suna zaluntar 'ya'yansu, da an dawo da takarda babu komai.

Dokarmu ma ta ɗaure wa ruɗanin gindi. Sashe na 55 na tsohuwar dokar laifuffuka ta Arewa ya yarje wa uba da malami su yi duka don gyara, in dai bai kai ga mummunan rauni ba. Kaduna ta yi dokar kare yara a 2018, amma doka hukunci take nema, ita kuwa ma'aikaciyar jinya a Asibitin Barau Dikko rijista ce a gabanta. Idan aka kawo mata yaro da karaya aka ce faɗuwa ya yi, matuƙar ba ta da ma'anar cin zarafi guda da kowa ya amince da ita, faɗuwa za ta rubuta.

Sakaci ya fi wuya, kuma nan masu sukar ra'ayina suna da 'yar gaskiya. Uwar da ba ta da kuɗin magani ba ɗaya take da hajiyar da ta ɗauko 'yar aiki mai shekara tara daga ƙauye ba, ta kai nata 'ya'yan makaranta, ta bar yarinyar da wanke-wanke. Sai dai a rubuta duka biyun, sannan a ware dalili: wannan rashi ne, wancan ganganci. Na farko gwamnati za a bi bashi.

Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta zauna da likitocin yara, malaman allo da masu unguwanni, a fito da takarda ɗaya cikin Hausa wadda kowane asibitin sha-ka-tafi daga Malali zuwa Badarawa zai riƙa cikewa, kuma a sa wa 'yar aiki gurbinta a ciki.