Shin na'urar gano ƙarya za ta iya tace masu neman aikin ɗan sanda?

Hare-haren da 'yan bindiga suka kai a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen shekarar 2025 sun sa hankalin jama'ar Gwarzo, wadda ke iyaka da jihar Katsina, da maƙwabciyarta Kabo ya koma kan batun ƙarin jami'an tsaro.

Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma tun a 2023, ita ma Kano ta ƙaddamar da tata a watan Disamban 2025.

To sai dai duk lokacin da aka ce za a ɗauki dubban matasa a ba su kaki, wata tsohuwar tambaya kan sake tasowa: ta yaya za a tabbatar ba a bai wa kura ajiyar nama ba?

Ɗaya daga cikin amsoshin da hukumomi suka taɓa bayarwa ita ce na'urar gano ƙarya.

A watan Agustan 2016, lokacin da ake shirin ɗaukar sababbin 'yan sanda 10,000, Sufeto Janar na wancan lokaci, Ibrahim Idris, ya ba da umarnin cewa duk wanda ya yi nasara sai an yi masa wannan gwaji, baya ga binciken lafiya da na halayya. Kafin nan, a 2012, shugaban hukumar EFCC Ibrahim Lamorde ya ce za a riƙa gwada ma'aikatan hukumar da na'urar.

Abin da na'urar ke aunawa

Duk da sunanta, na'urar ba ta ganin ƙarya. Abin da take aunawa shi ne numfashi, da bugun zuciya, da hawan jini, da kuma gumin fatar yatsu, yayin da ake jera wa mutum tambayoyi. Jami'in da ke zaune a gabanta ne ke fassara sakamakon.

Wani ɗan sanda mai suna John Larson ne ya harhaɗa ta a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka a 1921, kuma har yanzu tana tsaye ne a kan zato ɗaya: cewa jikin mai ƙarya zai nuna fargaba.

A nan gizo ke saƙar. Saurayin da ya taso daga Getso ko Garo, bai taɓa zama gaban babban jami'i ba, ga wayoyi an ɗaura masa a ƙirji da hannu, ga iyaye sun zuba ido a gida, zuciyarsa za ta buga ko da bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Gogaggen ɗan damfara kuwa yana iya zama ko gezau.

Wannan ba hasashe ba ne kawai. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA da ya yi shekaru yana sayar wa Rasha sirrin ƙasarsa, ya tsallake gwajin sau biyu kafin a kama shi a 1994.

A 2003 majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta fitar da wani rahoto da ya yi lissafi mai tayar da hankali. Idan akwai maciya amana 10 a cikin ma'aikata 10,000, aka kuma saita gwajin yadda zai kama 8 daga cikinsu, to zai haɗa da kusan mutum 1,600 da ba su ji ba ba su gani ba.

Tun 1988 dokar Amurka ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu amfani da na'urar wajen ɗaukar aiki, amma ta ƙyale hukumomin gwamnati. Masu kare ta na cewa amfaninta ba a zanen da take fitarwa yake ba: da yawa daga masu neman aiki kan fallasa kansu da bakinsu, tun kafin a kunna ta, saboda tsoron za ta tona musu asiri.

Bahaushe ya san wannan dabara. Ita ce ke sa wanda ake tuhuma ya ja da baya idan alƙali ya ce ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani.

Shaidar mai unguwa

A garuruwa irin Gwarzo da Kabo, inda kowa ya san gidan su kowa, akwai ma'aunin da ya girmi na'urar. Mai unguwa da dagaci da liman sun san yaron da ke shaye-shaye, da wanda aka taɓa kamawa da wayar sata. Takardar shaidar ƙaramar hukuma da ta mai tsaya wa mutum, waɗanda ake nema wajen ɗaukar ɗan sanda, an yi su ne domin wannan sani ya isa ga hukuma.

Rauninsu shi ne sa hannu ya zama al'ada. Da wuya dattijo ya ƙi sa wa ɗan maƙwabcinsa hannu, balle idan wani mai faɗa-a-ji ne ya turo shi.

Kano ta ga yadda batun ke da sarƙaƙiya a 2023, lokacin da rundunar 'yan sandan jihar ta sanya wasu tubabbun 'yan daba 50 cikin 'yan sandan sa-kai. Babu wanda ya ɓoye tarihinsu, don haka babu ƙaryar da na'ura za ta gano. Muhawarar ita ce ko tuba ta isa a damƙa wa mutum kaki.

Babbar ɓarakar ma ba a ɗakin gwaji take ba. A watan Yunin 2024 rundunar 'yan sandan Najeriya ta yi watsi da jerin sunayen sababbin kurata da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta fitar, tana zargin cewa akwai sunayen waɗanda ko takardar neman aikin ba su cika ba, da waɗanda suka faɗi jarrabawa. Hukumar ta musanta, tana mai dogaro da hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da ya tabbatar mata da ikon ɗaukar kuratan.

Idan har sunan mutum zai iya shiga jerin ba tare da ya zauna jarrabawa ba, babu abin da zai hana shi shiga ba tare da ya zauna gaban na'ura ba. Waɗanda za a ɗaura wa wayoyin su ne matasan da ba su da kowa a sama, kuma daga cikinsu ne za a sami waɗanda fargaba kaɗai za ta kayar.