Ganuwar Jiya Da Katangar Yau

Duk wanda ya zaga wajen birnin Katsina a 'yan shekarun nan zai ga yadda rukunin gidaje masu katanga ke ta tsirowa: ƙofa ɗaya, maigadi a bakinta, baƙo ba ya shiga sai an kira mai gida a waya. Matasa da yawa sun ɗauki zama a ciki a matsayin alamar an samu duniya.

Ba za a ce masu komawa can ba su da hujja ba. Bayan abin da ya faru a Batsari, Jibiya da Safana, da kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, mai iyali na da haƙƙin neman inda zai runtsa. A ciki yara na wasa ba tsoron mota, 'yan shaye-shaye ba sa kafa majalisa a ƙofar gida, mai karatu na samun natsuwa. Kare rai da mutunci kuwa wajibi ne a shari'a.

To amma Katsina ba yau ta san katanga ba. Ganuwar da magabata suka gina, mai Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa da sauransu, ta zagaye kowa da kowa ne: Sarki da talaka, malami da almajirinsa, maƙeri da attajiri. In an rufe ƙofa da dare, gari ɗungurungum aka rufe. Al'adar mai hali ya ware kansa Turawan mulkin mallaka suka zo da ita bayan 1903, su da suka riƙa barin fili na yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa, wai gudun cuta. Abin takaici, Bature ya tafi, 'yan boko suka gaji unguwar, suka gaji har da halin.

Ga inda gizo ke saƙa. Maigadi ba ɓarawo kawai yake korewa ba. Yana kore almajiri, da tsohuwa mai neman taimako, da ɗan uwan da ya taso daga ƙauye ba waya a hannunsa. Masallacin ciki sahu biyu ne na mutane masu albashi iri ɗaya. A yi rasuwa, sai an nemo masu ɗaukar makara daga cikin gari. Haƙƙin maƙwabci da Manzon Allah (S) ya tsananta a kansa bai tsaya a jikin bulo ba. Mai bukkar da ke bayan katanga shi ma maƙwabci ne, kuma yunwarsa na kan wuyan na ciki.

'Yan uwa matasa da Allah ya hore wa gida a irin wannan wuri, su matsa wa kwamitin unguwa a buɗe masallaci ga na waje, a fitar da famfo ɗaya daga rijiyar burtsatse zuwa bayan katanga, a kuma biya maigadi haƙƙinsa kan lokaci, domin galibi shi ma daga ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa ya fito.