Teburin Lissafin Duniya Da Yaron Da Ba A Tambaya Ba



Akwai wani hoto da kan zagayo wayoyinmu lokaci zuwa lokaci. Jerin ƙasashen duniya ne, an tsara su kamar teburin gasar ƙwallo, wai na waɗanda yaransu suka fi iya lissafi. Singafo na can sama, su Japan da Koriya ta Kudu ba nisa da ita, sai a yi ta gangarowa. Wanda ya turo yakan ɗora nasa sharhin a ƙasa, ko dai ya ce Allah Ya kyauta, ko ya sauke haushinsa a kan malaman firamare. Mu kuma da muke kiran kanmu marubuta sai mu tura gaba. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, teburin nan yana da abin da zai koya mana, sai dai wani kaso na aikin da yake nunawa a wuyanmu ya rataya, mu masu alƙalami.

Bari mu fara da sanin abin da muke turawa. Mafi yawan irin waɗannan hotuna daga jarrabawar PISA ake ciro su, wadda ƙungiyar OECD mai hedikwata a Paris ta fara a shekarar 2000. 'Yan shekara goma sha biyar ake gwadawa a karatu da lissafi da kimiyya. A zagayen 2022, ɗalibai wajen dubu 690 ne suka zauna daga ƙasashe da yankuna 81. Singafo ta samu maki 575 a lissafi, Japan 536, Koriya ta Kudu 527, matsakaicin ƙasashen OECD kuwa 472. Maroko, wadda take nahiyarmu, ta tashi da 365. To, Nijeriya fa? Daga 2000 zuwa 2022 ba ta zauna wannan jarrabawa ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya turo maka hoto da sunan PISA ka ga Nijeriya a lamba kaza, wani ne ya zauna ya saƙa abinsa. Mun taɓa shiga wani babban binciken lissafi na ƙasa da ƙasa a farkon shekarun 1980, amma yaran da suka amsa tambayoyin wancan lokaci yau da yawansu sun yi jikoki.

Wani abin lura kuma, PISA wanda yake makaranta take gwadawa. Yaron da ya bar aji ya koma gareji, da yarinyar da aka cire daga aji shida, babu su a lissafin. Ko da gobe Nijeriya ta shiga, rabin labarin Ungogo ba zai fito a ciki ba.

Na cikin gida ma haka muke yi da shi, sai dai shi murna muke yi maimakon kuka. Da hukumar NECO ta fitar da sakamakon 2025 a watan Satumba, an yi ta yaɗa cewa Kano ta zo ta ɗaya, ta wuce Legas, a yawan waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Gaskiya ne, kuma mun taya yaranmu murna. Amma mu da muka ɗan zauna ajin ƙididdiga a lokacin difloma, an koya mana bambancin yawa da kaso. Ƙidayar kawuna ce aka yi. Jihar da ta fi tura ɗalibai ɗakin jarrabawa tana iya fin kowa yawan waɗanda suka ci, ta kuma fi kowa yawan waɗanda suka faɗi. Marubucin da bai iya raba waɗannan biyun ba, duk wanda ya zo da lamba zai iya juya shi.

Ma'aunin da ya fi kusa da gaskiyarmu shi ne wanda ya bi gida-gida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya zaunar da yara 'yan shekara bakwai zuwa sha huɗu a gidajensu, masu zuwa makaranta da marasa zuwa. Abin da aka tambaye su bai taka kara ya karya ba: karanta lamba, faɗin wadda ta fi girma tsakanin lambobi biyu, tarawa, da cike gurbi a jerin lambobi. A faɗin ƙasar nan, kusan yaro ɗaya cikin huɗu ne ya iya duka. Wannan ita ce lambar da ya kamata ta hana mu barci, kuma ba mu cika ganin ana tura ta ba.

Yanzu mu dawo gida. Ungogo wuri ne mai fuska biyu. Su Bachirawa da Rijiyar Zaki birni ya riga ya haɗiye su, amma idan ka nausa ta wajen Karo da Yadakunya, gona ce tsakanin gida da gida. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da dubu 360 a ƙaramar hukumar, kuma kowa shaida ne kan yadda aka yi ta yanka gonaki ana fitar da filaye tun daga lokacin. A duka fuskokin biyu akwai yaron da kowannenmu ya sani. Yarinya ce mai tallar gyaɗa: ka sayi ƙulli bakwai na naira hamsin-hamsin, ka miƙa mata ɗari biyar, kafin ka gama laluben aljihu ta ce canjinka ɗari da hamsin. Ko yaro mai taya mahaifinsa awo, wanda ya san kwano nawa ya rage a buhu da ido. Ka kai yarinyar nan aji, ka rubuta mata wannan lissafin a allo cikin jimlar Turanci, sai ta sunkuyar da kai. Malam ya ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Ita ma a hankali ta yarda.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A watan Fabrairun 2025 mujallar Nature ta buga wani bincike da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masu lambar Nobel ta tattalin arziki, suka yi da abokan aikinsu a kasuwannin Kalkata da Delhi na Indiya. Sun tarar yaran da ke ciniki a kasuwa suna warware lissafi mai wuya da ka, amma idan aka kawo musu irinsa a tsarin makaranta sai su kasa. 'Yan makarantar da ba su taɓa ciniki ba kuma akasin haka: suna yi a takarda, a kasuwa su ruɗe. Kada mu yi saurin cewa ashe talla makaranta ce. Abin da binciken ya nuna shi ne lissafin kasuwa ba ya ƙetarawa aji da kansa. Sai an gina masa gada.

A wurinmu, babban ginshiƙin gadar nan harshe ne, kuma a nan ne teburin duniya yake da amfani idan an karanta shi da natsuwa. Japan da Koriya ta Kudu da Istoniya duk da harshensu suke koyar da lissafi. Biyetnam, wadda ba ƙasar masu kuɗi ba ce, da ta shiga PISA karon farko a 2012 ta samu 511, ta wuce Birtaniya da Amurka, da harshenta. Kusa da mu kuma akwai jarrabawar PASEC ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda maƙwabtanmu na Nijar suke ciki. A zagayen 2014, Burundi, ɗaya daga cikin mafiya talauci a jerin, ita ce ta yi zarra a lissafin ƙananan azuzuwa, kuma yaranta da Kirundi suke fara karatu, harshen da suke ji a gida.

Wani zai ce, ai Singafo da take sama da kowa da Turanci take koyarwa. Haka ne, kuma hujja ce da ba za mu kau da kai daga gare ta ba. Amma a ƙidayarsu ta 2020, kusan rabin mutanen ƙasar Turanci ne harshen da suka fi yi a cikin gida. Yaron Singafo yana jin Turanci a bakin uwarsa. Yaron Panisau fa, a ina yake jin sa in ba a aji ba, a bakin malamin da shi ma da ƙyar yake jan sa? Haka nan ba mu ce harshe ne kaɗai ciwon ba. Ajin da ya cika ya tumbatsa, yara a zaune a ƙasa, malamin da aka tura koyar da darasin da bai karanta ba, duk suna nan, kuma saboda irinsu ne gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Waɗannan sun fi ƙarfin alƙalaminmu. Harshe kuwa bai fi ba.

Maganar ta ƙara nauyi saboda abin da ya faru a Abuja. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar an soke, an koma Turanci tun daga tushe, yana kafa hujja da faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. Mu yi ɗan lissafi, tunda shi muke magana a kai. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022, a 2025 bai ko gama firamare ba, balle ya ga takardar WAEC. Waɗanda suka faɗi sun taso ne a tsarin da muka sani duka: littafi da Turanci, jarrabawa da Turanci, bayanin malam rabi Hausa rabi Turanci, yaro bai samu ko ɗaya cikakke ba. Gwajin da aka yi tsakani da Allah a ƙasar nan shi ne na Farfesa Babs Fafunwa a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, aka rubuta musu littattafai, aka horar da malamai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa.

A lura da abin da suka yi: sun rubuta littattafai. Mu kuwa me za mu ɗora a tebur idan aka ce mu kawo? Kullum muna fitar da labaran soyayya da na kishiya shafi ɗari-ɗari a WhatsApp, kuma ba aibu ba ne, mu ma muna karantawa. Amma ka zaga shagunan littattafai ka nemi ɗan littafin lissafi da aka rubuta da daddaɗar Hausa, wanda ɗan aji uku zai karanta ya yi dariya ya kuma ƙirga, ka ga wahalar da za ka sha.

Kuma kayan aikin suna nan a bakinmu. Bahaushe da ya ce ashirin ba biyu, ya riga ya yi ɗebewa a cikin sunan lambar. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni, duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ji su, kuma su ne dai ɓangarorin lamba da ke sa 'yan aji biyar kuka. Manomin da ke fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka yana aiki da kaso goma cikin ɗari, ya kuma san idan noman rani ne da ya sha wahalar ban-ruwa, rabin haka zai fitar. Adashi jerin lambobi ne. Ko a tarihi ba baƙi ba ne mu: Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimin lambobi da masana tarihin lissafi ke ambato har yau. Ya yi nasa da Larabci, harshen ilimin zamaninsa.

An ma gwada wani abu a maƙwabtanmu. Shirin KaLMA, wanda hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Kano ta gudanar da haɗin gwiwar British Council a Dawakin Tofa da Wudil daga 2019, ya ɗauki 'yan aji huɗu zuwa shida ya raba su gwargwadon abin da kowa ya iya, ba gwargwadon ajinsa ba, ana koya musu tushen karatu da lissafi da Hausa, da tsinke da ƙulli. Dawakin Tofa nan ce kusa da mu, inda kwalejin kimiyyar da aka buɗe a 1977 ta yaye likitoci da injiniyoyi. Irin wannan shiri kullum yana buƙatar abin karantawa, kuma wani ne zai rubuta shi.

Rubuta tambayar lissafi da Hausa aikin marubuci ne sosai, ya ma fi wuya fiye da yadda ake zato. Jimla ba za ta ɗauki ma'ana biyu ba. "Sau" da "kashi" ba za su rikice ba. Abin da aka ambata dole yaron ya taɓa ganinsa, kada a kawo masa tuffa da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Farashi ya zama na yau, don yaran yanzu in ka ce musu ƙwai naira goma za su yi maka dariya su daina saurare.

Don haka ga abin da muke nema kafin muƙala ta gaba. Kowa ya rubuta tambaya uku, ya gwada su a kan ɗan aji huɗu na gidansu ko na maƙwabta, ya karanta masa da baki sau ɗaya, sannan ya ba shi a rubuce. Ya lura da inda yaron ya tsaya, ko a lamba ne ko a kalma, ya zo mana da duka biyun. Waɗanda suka tsira za mu tattara su mu kai zaman ƙungiya. Ga tamu ta buɗe fage:

Wani manomi a Karo ya samu gero dami saba'in da daminar bana. Ya fitar da zakka, dami ɗaya cikin kowane goma. Cikin abin da ya rage, ya kai sulusi kasuwar Dawanau, sauran ya zuba a rumbu. Dami nawa ne a rumbun?