RA'AYINMU: Lissafi Ba Dodo Ba Ne

Duk wanda ya zaga wurin masu sayar da littattafai a Jos, tun daga Taminus har Dutse Uku, zai tarar da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da littattafan soyayya jibge. Amma littafin wasa ƙwaƙwalwa da lissafi cikin Hausa, sai ya yi ta nema. Wannan abin takaici ne, domin yaron da ya faɗi lissafi a jarrabawar WAEC, yawancin ƙofofin jami'a a rufe suke gare shi, balle ilmin kwamfuta.

Turawa sun daɗe da gane cewa da wasa ake cire wa yaro tsoron lissafi. Wani Ba'amurke, Martin Gardner, ya riƙe filin wasannin lissafi a mujallar Scientific American daga 1957 zuwa 1981, aka kuma tattara su aka yi littattafai. Da yawa daga cikin gwanayen kwamfuta ta nan sha'awar abin ta kama su.

To, mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimi. Ku gwada 'ya'yanku da mafi ƙanƙanta: gida tara, a zuba 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da 15. Yaron da ya gano dalilin da ya sa 5 ce ke zama a tsakiya, ya soma tunani daki-daki, irin wanda ake sarrafa kwamfuta da shi. Haka kuma dara, da labarin mai haye kogi da kura da akuya da damin harawa.

Saboda haka muna kira ga malaman Jami'ar Jos da masu buga littattafai na Zariya da Kano, su tattara waɗannan wasanni cikin Hausa, a ƙananan littattafai masu araha.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, in za ku aika tsaraba gida, kada ta tsaya ga atamfa da wayar hannu. A sa littafin wasan lissafi a ciki, ko da na Turanci ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa mu dace.